TARIHIN YAƘI DA KURKUNU: DARASI GA MASU BI A KAN RUWAN SHA

Karatu: Farawa 26:12-22, 2 Sarakuna 2:19-22, Matiyu 10:42

Yau za mu waiwayi tarihin wani ciwo da ya wahalar da iyayenmu da kakanninmu, wato kurkunu. Yaran yanzu da yawa ba su taɓa ganinsa ba, amma dattawanmu ba su manta ba. Wasunsu ma har yau suna ɗauke da tabonsa a ƙafa.

Kurkunu tsohon ciwo ne ƙwarai. Wasu masana suna tsammani macizan nan masu zafin dafi da suka addabi Isra'ilawa a jeji, cikin Littafin Ƙidaya sura 21, wataƙila kurkunu ne. Ga yadda yake kama mutum. A cikin ruwan kududdufi ko tafki akwai ƙananan ƙwari da ido bai cika ganinsu ba, su ne suke haɗiye 'ya'yan tsutsar. Mutum ya sha ruwan, ba zai ji kome ba sai bayan kamar shekara guda. Sa'an nan bororo ya fito masa, yawanci a ƙafa, da zafi kamar an ɗora garwashi. Tsutsar takan kai tsawon mita ɗaya. Don neman sanyi sai mai ciwon ya tsoma ƙafarsa cikin ruwa, nan take tsutsar ta zuba dubban 'ya'yanta. Shi ke nan, duk wanda ya sha daga wurin ya ɗauki ciwon baɗi.

Ba shi da allura, ba shi da ƙwayar magani. Sai dai a riƙa naɗe tsutsar a tsinke kaɗan kaɗan, mako da makonni. A ƙasashenmu na arewa yakan fito da damina, daidai lokacin da gona take neman hannu. Maigida yana kwance, ciyawa ta cinye gero, yara sun bar makaranta. Shi ya sa mutanen Dogon na ƙasar Mali suke kiransa ciwon da ke barin rumbu wayam. Mutane da yawa sun ɗauka jifa ne ko sammu, har maƙwabta suka yi ta zargin juna. Ashe ruwa ba ya tsami banza, maganar tana cikin tulun da ke tsakar gida.

A shekarar 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ne suke fama da kurkunu kowace shekara a Afirka da Asiya. A shekarar nan ce Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka, ya sa cibiyarsa ta ɗauki yaƙin. Carter ɗan ikilisiyar Baptis ne, ya kuma yi shekaru masu yawa yana koyar da Littafi Mai Tsarki ran Lahadi a garinsu Plains. A 1988 ya je ƙauyukan Gana ya ga ciwon da idonsa, abin bai bar zuciyarsa ba har ƙarshen ransa. A 1995 ya roƙi masu yaƙi a Sudan suka ajiye makamai na wasu watanni domin ma'aikatan lafiya su kai ga ƙauyuka.

A Nijeriya an kafa shirin kawar da kurkunu a 1988, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya. Da aka bi ƙauye ƙauye ana ƙirgawa, sai aka sami masu ciwon fiye da 650,000 a ƙauyuka kusan 6,000. Babu ƙasar da ta kai mu yawa a lokacin.

To, da me aka yi yaƙin? Da abubuwan da ido yake rainawa. An raba wa mata ƙyallen tace ruwa, a ɗaura a bakin tulu. An ba makiyaya da matafiya ɗan bututu mai matata, su rataya a wuya su sha da shi. An zuba wani magani mai suna Abate a tafkuna don kashe ƙwarin. An haƙa rijiyoyi da burtsatse. A kowane ƙauye an sami mai aikin sa kai, yana wanke gyambo, yana ɗaurewa, yana hana mai ciwo shiga ruwa, yana rubuta lissafi kowane wata. Cikinsu akwai Kirista, akwai Musulmi, akwai masu addinin gargajiya, gama kurkunu ba ya tambayar addinin mutum.

Aikin bai tafi sumul ba. A wasu wurare mutane suka ƙi a taɓa tafkinsu, suna cewa na kakanni ne. A wasu wurare aka haƙa burtsatse, ya lalace, ba mai gyara. Wajen ƙarshen shekarun 1990 sai Janar Yakubu Gowon, tsohon shugaban ƙasa, ɗan mai bishara wanda ya tashi a Wusasa, ya shiga aikin. Ya ziyarci ƙauyuka fiye da ɗari, yana zama da sarakuna da talakawa, yana kuma matsa wa gwamnoni su cika alkawarin ba da ruwa. A 2008 mutum 38 kaɗai aka samu a duk ƙasar, na ƙarshe kuwa a Jihar Enugu cikin watan Nuwamba. A Disamba 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijeriya da Nijar sun rabu da kurkunu, Gana ta biyo baya a 2015. A 2023 mutum 14 ne aka ƙirga a duniya duka, yawancinsu a Cadi, inda ciwon yake kama karnuka ma. Carter ya taɓa faɗar burinsa na ganin mutuwar kurkunu na ƙarshe kafin tasa. Ya rasu a Disamba 2024 yana da shekara 100, aikin ya kusa ƙarewa amma da saura.

'Yan'uwa ƙaunatattu, me wannan tarihi yake koya mana?

Na fari, Allah ya ba mu amanar ƙasa. Farawa 2:15 ya nuna cewa an sa Adamu a gonar Aidan domin ya yi aikinta ya kuma kiyaye ta. Tafki da rafi da rijiya suna cikin wannan amana. Da Filistiyawa suka cike rijiyoyin Ibrahim da ƙasa, Ishaku bai zauna yana kuka ba, ya sāke tone su. Aka yi masa gardama a kan ta fari da ta biyu, ya matsa gaba ya haƙa ta uku. Burtsatsen da ya lalace a ƙauyenku yana jiran irin Ishaku.

Na biyu, addu'a da aiki tare suke tafiya. Sa'ad da mutanen Yariko suka kai wa Elisha kukan mugun ruwansu, bai sallame su da fatan alheri ba. Ya tafi har bakin maɓuɓɓugar, Ubangiji kuwa ya warkar da ruwan. Ɗan ƙyallen da uwa take ɗaurawa a bakin tulu ba rashin bangaskiya ba ne, ƙauna ce.

Na uku, abin da mutum ɗaya ya yi wa ruwa, gari duka ne zai sha. Ƙafa ɗaya cikin tafki takan kwantar da ƙauye. Kurkunu ya tafi, amma amai da gudawa bai tafi ba. A 2021 ya kashe mutum fiye da 3,000 a Nijeriya, yawancinsu a jihohin arewa. Babbar hanyarsa ita ce ƙazanta ta shiga ruwan sha. Tun zamanin Musa, cikin Maimaitawar Shari'a 23:12-14, Allah ya umarci jama'arsa su keɓe wurin zagayawa a bayan zango, su kuma rufe da ƙasa, domin shi kansa yana tafiya a tsakiyarsu.

Saboda haka bari kowace ikilisiya ta tambayi kanta. Muna da shadda mai tsabta a harabar majami'a da kowane gida, nesa da rijiya? Rijiyarmu tana da murfi, guga kuma yana da wurin rataya? Zumuntar mata tana koya wa amare tafasa ruwa da rufe randa? Matasa za su iya yashe rijiya da kwashe juji kafin damina? Akwai asusun gyaran famfo? Idan kuma muna da ruwa mai kyau, maƙwabcinmu wanda ba ya shiga majami'armu yana da izinin ɗiba? Ubangijinmu ya yi alkawarin lada ga wanda ya ba ƙaramin almajirinsa ko da moɗar ruwan sanyi. Mu lura kada moɗar da muke miƙawa ta zama da cuta a ciki.

Mu yi addu'a. Ya Uba Mahalicci, mun gode maka domin ruwan sama da na ƙasa. Mun gode domin bayinka da suka yi wahala har kurkunu ya bar ƙasarmu. Ka gafarta mana inda muka ɓata abin da ka yi da kyau. Ka taimaki 'yan'uwanmu na ƙasashen da ciwon bai ƙare ba tukuna. Ka ba mu zuciyar kiyaye ruwanmu saboda 'ya'yanmu da maƙwabtanmu. Cikin sunan Yesu Almasihu, mai ba da ruwan rai. Amin.