Babban Gidan Waya na Aljiyas da Siyasar Aron Riga

A tsakiyar birnin Aljiyas na Aljeriya, inda titin Larbi Ben M'hidi ya haɗu da na Mohamed Khemisti, akwai farin gini da baƙo kan ɗauka masallaci ne. Babban gidan waya ne, wanda ake kira Grande Poste, aikin Jules Voinot da Marius Toudoire na shekarar 1910. Da'awar wannan maƙala ita ce adon Musulunci da aka yi wa ginin dabara ce ta mulki, kuma ba a fahimtar kyansa sai an san dalilin yinsa.

Lokacin da Faransa ta kama birnin a 1830, rusau ta fara. An share unguwannin gangaren Kasba, wato tsohon gari, don a samu filin faretin soja, an ƙwace masallacin Ketchaoua aka mai da shi coci, bai koma hannun Musulmi ba sai 1962. Shekaru saba'in aka yi ana gina Aljiyas da zubin Faris da Marseille. Sai zamanin Gwamna Charles Jonnart, musamman daga 1903 zuwa 1911, aka sauya salo. Ya umarci a riƙa yin gine-ginen gwamnati da kamannin Andalus da Magrib, har salon ya ɗauki sunansa. Madarasar Thaalibiyya ta 1904 da tashar jirgin ƙasa ta Oran duk 'ya'yan wannan manufa ne.

Idan aka matsa kusa da gidan wayar, manufar takan fito fili. Matakalar marmara ce ke kai mutum ga manyan bakuna uku masu siffar kofaton doki, bayansu ƙofofin katako da aka sassaƙa. A ciki, ƙubba ce ta rufe babban zauren, an cika ta da zane mai sarƙaƙiya na farar ƙasa, ga tayil a jikin bango, ga rubutun Larabci yana zagaye. A sama kuwa akwai abin da ya yi kama da hasumiya, amma ba a taɓa kiran salla a kanta ba. Tsarin zauren da kantocinsa na ma'aikatar Faransa ne tsantsa. Toudoire ɗin nan shi ne ya zana tashar Gare de Lyon a Faris. Babbar riga ce ta Musulmi aka ɗora wa jikin Bature. A daidai lokacin da ake sassaƙa wannan ado, dokar Indigénat ta 1881 tana nan tana hukunta 'yan ƙasa ba tare da shari'a ba.

Wasu masana na cewa salon Jonnart ya raya sana'o'in da suka kusa mutuwa, tunda ya samar wa masassaƙa da magina aiki. Akwai gaskiya a nan. Sai dai hannu nasu ne, zane da umarni na wasu.

Abin da masu manufar ba su hango ba shi ne ginin zai kuɓuce musu. Bayan 'yanci ya zama mahaɗar mutanen birni, kuma a 2019 matakalarsa ce dandalin zanga-zangar Hirak, wadda ta kai ga murabus ɗin Shugaba Abdelaziz Bouteflika ranar 2 ga Afrilu. Tun a 2015 aka daina sayar da kan sarki a babban zauren, aka ƙudura mai da shi gidan tarihin wasiƙu da sadarwa. Shawara ce mai kyau, amma wajibi ne wannan gidan tarihi ya faɗa wa matasan Aljeriya wanda ya ba da umarnin ginin, da abin da aka rushe kafin a gina shi, da sunayen magina 'yan ƙasa da suka ƙawata shi.