Kalma Ɗaya, Ma'ana Biyu

Yara manyan gobe, yau za mu ba ku tarihin wata kalma ta Girkanci, Diyatesaron, watau "ta hanyar huɗu".

Makaɗa suka fara riƙonta. In mutum ya kaɗa tsirkiyar molo, sa'an nan ya danne ta har saura kashi uku cikin huɗu, ya sake kaɗawa, sai amo ya hau daga do zuwa fa. Tazaran nan ita Girkawa ke kira diyatesaron, don amo huɗu ne in an ƙidaya: do, re, mi, fa.

To, wajen shekarar 170 aka yi wani malami Tatiyan, mutumin Assuriya, wanda ya yi karatu a Rum gun Yustinu Shahidi. Ya ɗauki Linjila huɗu, ta Matiyu da Markus da Luka da Yahaya, ya saƙa su suka zama labari guda, aka san littafin da sunan nan. Fiye da shekara 200 shi ake karantawa a majami'un masu jin Suriyanci.

Amma ba a rasa masu ƙorafi ba. Ana zargin Tatiyan da bidi'a, don ya ƙyamaci aure da nama da ruwan inabi. A ƙarni na 5 Rabbula, bishop na Edesa, ya umarta a koma ga Linjila huɗu dabam dabam. Tiyodoret, bishop na Kirus, ya ce Tatiyan ya cire salsalar Almasihu, ya tattara littafin fiye da 200 ya kawar. Da haka ainihin littafin ya ɓace.

Abin da ya wanzu sai sawunsa. Akwai sharhin da Ifraimu, wanda ya rasu a 373, ya yi masa, da fassarar Larabci da ake dangantawa ga Ibn Ɗayyib na Bagadaza, wadda aka buga a Rum a 1888. Abin mamaki, a 546 Biktor, bishop na Kafuwa, ya kira littafin Diyafente, wannan kuwa sunan tazarar do zuwa so ne.

Ga abin da muke so ku auna. Labari guda ya fi sauƙin karatu, amma alƙali ya fi son ya ji shaidu huɗu, kowa da bakinsa. Tatiyan ya zaɓi na fari, bishop-bishop suka zaɓi na biyu. Ku tattauna da malamanku, mu ji naku hukuncin.