Zuwan Abdulkarim Birnin Katsina

A cikin shekarar 1850 Gwamnatin Ingila ta aiko waɗansu Turawa uku su ga ƙasashen Sudan, su ƙulla ciniki da sarakunanta. Shugabansu Richardson ne, sauran biyun kuwa Jamusawa ne, Barth da Overweg. Suka taso daga Tarabulus, suka ƙetare hamada, suka biyo ta Asbin. Da suka iso Damargu a farkon 1851 sai suka rabu, kowa ya kama hanyarsa. Barth, wanda ya sa wa kansa suna Abdulkarim, ya biyo ayarin gishiri na Asbinawa har Katsina.

A lokacin nan Sarkin Katsina Muhammadu Bello, ɗan Ummarun Dallaje, shi ke bisa sarauta. Baƙon ya kai gaisuwa, amma Sarki ya ga ba ta kai ba, sai ya tsare shi 'yan kwanaki, har ya ƙara, sa'an nan aka sallame shi ya wuce Kano. Kada mai karatu ya ɗauka kwaɗayi ne kaɗai. Sarki ba ya son a wuce garinsa a kai wa Kano abin da ya fi kyau, domin abin da fatake suka daɗe suna yi masa ke nan.

Abdulkarim ya duba birnin da kyau. Ya ga ganuwa wadda kewayenta ya kai mil 13 ko 14, amma mutanen da ke cikinta ba su wuce 7,000 ko 8,000 ba, a kintacensa. Sauran fili duk gonaki ne da kufai. Ya ce birni mai wannan girma, a zamanin da ya ke cike, zai ɗauki mutum 100,000.

To, ina jama'ar ta tafi? Kafin jihadi Katsina ce masaukin ayarin da ke fitowa daga Gat da Agadas. Larabawa da Wangarawa suna da unguwanninsu, malamai irin su Ɗan Masani da Ɗan Marina sun sa sunanta ya kai nesa. Da aka ci birnin a wajen 1807, sarakunan Haɓe suka koma arewa suka kafa Maraɗi, suka haɗa kai da Gobirawa, hari bai yanke ba shekara da shekaru. Falke kuwa ba ya kai dukiyarsa inda za a tare shi a hanya. Saboda haka attajirai suka kwashe suka koma Kano, kasuwar Kurmi ta cika, ta Katsina ta rage.

Duk da haka birnin bai mutu ba. Abdulkarim ya sake dawowa a 1853, ya yi fiye da wata guda, ya sayi riguna da turkudi a kasuwa don guzurin tafiyarsa Tumbuktu. Ya yaba aikin dukawan garin, ya kuma ce a nan ne Hausa ta fi tsabta, mutane suka fi ladabi. Amma da zai tashi zuwa Sakkwato, sai da ya jira Galadiman Sakkwato suka tafi tare, don tsoron hanya.

Yau baƙi sukan zo ƙungiya ƙungiya. A kai su hasumiyar Gobarau, a nuna musu Ƙofar Soro da Gidan Korau, a ba su labarin takobin nan Gajere. A tsaya da su a Ƙofar 'Yanɗaka inda Lugard ya shigo a 1903, da tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922. Kasuwa kuwa sai a ƙarshe, in lokaci ya rage, don sayen tsaraba.

Ga wanda ya ke neman tarihi, ya kamata a fara da kasuwar. Fada da ganuwa da hasumiya duk suna tsaye ran da Abdulkarim ya shigo, amma ya tarar da gonaki inda dā a ke da gidaje. Abin da ya cika birni shi ne ciniki, ciniki kuwa ba ya zama sai hanya ta yi lafiya.