Waiwaye adon tafiya: tarihin yadda mai keke ke sanin abin da ke bayansa

Idan ka taɓa tuƙa keke a gefen babban titi, ka san wannan faɗuwar gaban: ka ji rugugin mota a bayanka, ba ka san girmanta ba, ba ka san nisanta ba, ba ka kuma san ko direban ya gan ka ba. Idanunmu biyu duk a gaba suke. In aka haɗa abin da suke gani daga hagu zuwa dama, bai wuce digiri 200 da 'yan kai ba cikin 360 na da'ira. Sauran kuwa, wato duk abin da ke ƙeyarka, duhu ne a wurinka. Sama da shekara ɗari ke nan mutane na neman dabarar cike wannan giɓi, kuma kusan kowace dabara ta zo da gardama ɗaya: wa ya kamata ya lura da wani, na gaba ko na baya?

Lokacin da keke ne mai wuce kowa

Zai ba ka mamaki ka ji cewa da farko babu wannan matsala. Keken da muka sani yau, mai ƙafafu biyu daidai wa daida da sarƙa, John Kemp Starley ne ya fito da shi a garin Coventry na Ingila a 1885. Bayan shekara uku John Boyd Dunlop ya kawo taya mai iska. A wancan lokaci dokar Ingila ta 1865 ta hana duk abin hawa mai inji wuce kimanin kilomita 6 a awa a karkara, a cikin gari kuwa rabin haka. Sai a 1896 aka sassauta ta. Ka ga ke nan mai keke shi ne sarkin gudu a hanya. Shi ke tasowa masu tafiya a ƙasa da keken doki ta baya. Shi ya sa dokar ƙananan hukumomi ta 1888 ta wajabta masa yin gargaɗi da ƙararrawa ko usur duk lokacin da zai wuce wani. Ƙa'idar a fili take: wanda ya zo daga baya shi ke da alhakin lura.

Da motoci suka yawaita suka kuma ƙara gudu, sai reshe ya juye da mujiya. Mai keke ya koma shi ake wucewa.

Madubi ya fara daga mota

A 1909 wata Baturiyar Ingila mai tseren mota, Dorothy Levitt, ta rubuta wa mata littafin koyon tuƙi. A ciki ta ba su shawarar su riƙa ajiye ƙaramin madubin hannu kusa, su ɗaga shi jifa-jifa don ganin abin da ke bayansu. Bayan shekara biyu, a 1911, aka yi tseren Indianapolis 500 na farko a Amurka. Al'adar lokacin ita ce kowace motar tsere ta ɗauki mutum biyu, direba da makaniki, kuma cikin aikin makanikin har da waiwaye ya gaya wa direba wanda ke tafe. Ray Harroun ya shiga shi kaɗai a motarsa ƙirar Marmon. Abokan tsere suka yi ƙorafi cewa zai jawo haɗari, sai ya ɗaura madubi a gabansa. Shi ya ci tseren.

Daga mota madubi ya gangaro kan keke, daga baya aka yi ƙanana da ake maƙalawa a jikin tabarau ko hular kwano. Amma madubi yana da nasa ha'incin. Wanda yake a shimfiɗe yana nuna girman abu daidai, sai dai wurin da yake kamawa kaɗan ne. Mai doro kuwa yana kama wuri mai faɗi, amma yana ƙanƙanta abin da ke ciki, ƙwaƙwalwarka kuma ta saba ɗaukar ƙaramin abu a matsayin mai nisa. Sai ka zaci tirela tana can baya, alhali ta kusa taɓa ka. Ƙari a kan haka, kan keke ba ya zama wuri ɗaya, yana karkarwa yana lilo, don haka hoton ma rawa yake yi.

Rigimar danja

Tambayar wa ke da alhaki ta fito fili a kan fitilar baya. Babbar ƙungiyar masu keke ta Birtaniya, CTC, wadda aka kafa a 1878, ta shafe shekaru tana adawa da a tilasta wa masu keke sa danja. In ka ji haka yau sai ka ce wauta ce. Hujjarsu dai ita ce: direba ne ke da fitila mai ƙarfi, shi ne ke gudu, saboda haka wajibinsa ne ya yi tuƙin da zai iya tsayawa cikin nisan da fitilarsa ta haska. Suna tsoron in aka wajabta danja, duk ranar da ta mutu aka buge mutum, za a ce laifinsa ne. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da aka riƙa kashe fitilun gari saboda jiragen yaƙi, aka wajabta ta, sannan a 1945 aka mayar da ita doka ta dindindin. CTC ta sha kaye, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna danja na da muhimmanci ƙwarai. Amma tsoron da suka bayyana, na ɗora wa mai rauni nauyin kare kansa, bai gushe ba har yau.

Abin da alƙaluma suka nuna

A 1976 wani injiniya a Kalifoniya, John Forester, ya wallafa littafin da ya yi tasiri sosai a kan koyar da tuƙin keke a Amurka da Birtaniya. Ra'ayinsa shi ne mai keke ya ɗauki kansa direba kamar kowa: ya bi hannun da motoci ke bi, ya ba da sigina, ya waiwaya kafin ya canja layi. Yana ganin mutane sun zuzuta tsoron bugu ta baya, domin yawancin haɗurra a mahaɗar hanyoyi suke faruwa.

A 1977 Kenneth Cross da Gary Fisher suka fitar da wani bincike da suka yi wa hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, inda suka rarraba karon keke da mota gida-gida. Sakamakon ya ba kowane ɓangare gaskiyarsa. Cikin haɗurran da ba a rasa rai ba, kusan kashi ɗaya cikin goma ne kawai suka faru yayin da mota ke wuce keke. Amma cikin waɗanda aka mutu, irin wannan karo ya haura kashi ɗaya cikin uku, kuma da yawansu da dare ne, a hanyoyin bayan gari. Wato bugu ta baya ba ya yawan faruwa, amma in ya faru ba ya wasa. Dalilin kimiyya ne tsantsa: a miƙaƙƙiyar hanya direba bai rage gudu ba, ƙarfin bugu kuwa yana ninkuwa huɗu duk lokacin da gudu ya ninka biyu.

Nan ne ya kamata mu taɓo wata dabara da za ka gani a hanyoyinmu, daga Kano har Maraɗi: mai keke ya bi hannun da ba nasa ba, wai don ya riƙa ganin motocin da ke zuwa. A ido kamar hikima ce. To, mu yi lissafi. Mota na gudun kilomita 80 a awa, kai kana 20. In hanya ɗaya kuka nufa, tana cim maka da gudun 60. In kun fuskanci juna, 100 ne. Lokacin kaucewa ya ragu, ƙarfin bugu ya kusa ninka uku. Sannan direban da zai fito daga lungu yana duba ɓangaren da ya saba ganin mota, ba inda kake ɓullowa ba. Wani bincike da Alan Wachtel da Diana Lewiston suka yi a Palo Alto, aka buga a 1994, ya gano masu bin saɓanin hannu sun fi shiga haɗari a mahaɗa fiye da ninki uku.

Me ya sa kunne bai isa ba

Da yawanmu da kunne muke dogara. Tun 1907 masanin kimiyya Lord Rayleigh ya bayyana yadda muke gane inda sauti ya fito: yana isa kunne ɗaya kafin ɗayan, da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba, kuma ya fi ƙarfi a kunnen da ke kusa. Wannan na aiki da kyau wajen bambance hagu da dama. Amma sautin da ya fito daidai ƙeyarka yana isa kunnuwan biyu lokaci guda, tamkar wanda ya fito daga gabanka. Lanƙwasar fatar kunne ce kawai ke ɗan taimakawa. Ga kuma hucin iska da ke ƙaruwa in ka ƙara gudu. Sannan ƙarar babbar mota tana haɗiye ta ƙaramar da ke bin ta: sai tirela ta wuce ka saki jiki ka koma tsakiya, ashe akwai wata a gindinta. Motoci masu lantarki sun ƙara dagula lamarin, har Tarayyar Turai ta wajabta, daga Yulin 2019, a sa wa sababbin samfurinsu na'urar da ke yin ƙara in suna tafiya a hankali.

Daga ma'aunin tazara zuwa radar

A 2006 wani masanin halayyar ɗan'adam a Jami'ar Bath, Ian Walker, ya ɗaura wa kekensa na'urar auna tazara ya shiga titunan Salisbury da Bristol. Ya auna motoci sama da 2,000 da suka wuce shi. Bas-bas da manyan motoci sun fi matse shi. Da ya sa gashin kanti mai tsawo don a zaci mace ce, an ƙara ba shi wuri. Da ya sa hular kwano kuwa, an matso shi da kimanin santimita 8 da rabi, kodayake wasu masana sun yi jayayya a kan muhimmancin wannan bambanci. A wani binciken da ya fito a 2014, an gwada tufafi iri-iri, har da riguna masu ƙyalli. Ko me aka sa, kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na direbobi sun wuce cikin tazarar da ba ta kai rabin mita ba. Ma'ana, akwai iyakar abin da mai keke zai iya yi da kansa.

Sabuwar dabara kuwa daga Afirka ta fito. Wani ƙaramin kamfani a Stellenbosch ta Afirka ta Kudu, iKubu, ya ƙera radar da ake ɗaurawa a bayan sirdi. Garmin ya saye kamfanin a farkon 2015, ya fitar da na'urar da sunan Varia. Tana aiki da ƙa'idar da Christian Doppler ya bayyana a 1842: tana harba igiyar rediyo, in ta daki abin da ke matsowa sai ta dawo a ɗan matse, daga nan a lissafa gudunsa. Tana hango mota daga nisan kimanin mita 140. A lissafinmu na ɗazu, gargaɗin sakan 8 ke nan. Sai dai ba za ta gaya maka ko direban yana kallon hanya ko wayarsa ba, kuma motar da ta rage gudu ta daidaita da naka tana iya ɓace mata.

Abin da ya rage a hannunka

Duk da waɗannan na'urori, malaman tuƙin keke har gobe waiwaye suke fara koyarwa. Dalili biyu ne. Na farko, ido ne kaɗai ke ba ka girma da nisa da gudu a lokaci guda ba tare da murɗiya ba. Na biyu, waiwaye saƙo ne: direban da ya ga fuskarka ya san mutum ne a gabansa, kuma yana shirin motsawa.

Amma shi ma sai an koya. In kana gudun kilomita 20 a awa, waiwayen sakan ɗaya tafiyar mita 5 da rabi ce ba ka kallon gaba. Kuma kafaɗa na jan hannu, hannu na jan kan keke, sai ka karkata zuwa ɓangaren da ka waiwaya, wato cikin titi. Ka nemi fili, ka ja layi a ƙasa, ka riƙa bin sa kana waiwaye har ka daina kaucewa. Ka sassauta gwiwar hannu, ka kai haɓa kan kafaɗa maimakon juya jiki duka. A titi kuma ka duba gabanka tukuna, sannan ka waiwaya kafin ka kauce wa rami, ko motar da aka faka, ko A Daidaita Sahu da ya tsaya ɗaukar fasinja, ka ba da sigina, ka sake waiwayawa kafin ka shiga. Madubi na gaya maka kada ka shiga. Ba shi ne zai ce maka shiga ba. Da magariba ka kunna danja, ka kuma cire abin jin waƙa daga kunne.

Ɗaya rabin aikin ba naka ba ne. Jihar Wisconsin ta Amurka ta kafa dokar ba mai keke tazarar ƙafa uku tun 1973. Birtaniya ta sa mita 1.5 a littafin ƙa'idojin hanyarta a 2022. Holan ta bi wata hanya dabam: bayan mutuwar mutum fiye da 3,000 a titunanta a 1971, ciki har da yara sama da 400, iyaye suka fito zanga-zanga, ƙasar kuma ta shiga gina wa keke hanyarsa daban da ta mota, inda ba a buƙatar fargabar abin da ke baya. Duk waɗannan komawa ne ga ƙa'idar 1888: na baya shi ke lura da na gaba. In yau kai ne a kan keke, ka waiwaya. In gobe kai ne a bayan sitiyari, ka tuna mutumin da ke gabanka ba shi da ido a ƙeya, ka rage gudu ka ba shi wuri.