Tarihin Zubin Tantance Rubutu da Matsayin Baƙaƙe Masu Lanƙwasa

Abin da masana kwamfuta ke kira regex, gajeren zubi ne da ake auna jerin haruffa da shi, don a san ko sun dace ko ba su dace ba. Asalinsa daga ilimin lissafi yake. A shekara ta 1951 Stephen Kleene, masanin lissafi ɗan Amurka, ya tsara alamominsa, aka buga aikin a 1956. A wannan shekarar kuma Noam Chomsky ya nuna cewa nahawu mai iyakantaccen ƙarfi irin wannan bai isa ya bayyana ginin jimlar Turanci ba. Amma fa ya isa tantance surar kalma.

Ken Thompson shi ne ya shigar da zubin cikin manhajar gyaran rubutu, ya bayyana hanyarsa a 1968. Daga nan ya bazu, har ya kai ga Ansible, manhajar da ta fito a 2012 don sarrafa kwamfutoci masu yawa a lokaci guda. A cikinta gwajin match yana neman zubin a farkon jerin, gwajin search kuwa yana nemansa ko'ina.

Sai dai zubin ya girma ne a kan ƙa'idar ASCII ta 1963, wadda ba ta tanadi ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba. Ko da yake Unicode, da ya fara fitowa a 1991, ya ba su lambobi, tsohon zubin nan [a-z]+ bai san su ba. Idan aka auna kalmar “ƙasa” da shi, match zai ƙi ta, search kuwa zai amince, domin ya tsinci “asa” a ciki. Ke nan amincewar ma ruɗi ce.

Alamar \w a Python 3 tana karɓar baƙaƙen huɗu, amma ba ta karɓar alamar hamza ta allon bugu da ke cikin “ma'ana”. Don haka “ƴa” ta rubutun Nijar tana wucewa, alhali “'ya” ta rubutun Nijeriya tana iya maƙalewa.

Saboda haka ya kamata masu tattara ƙamus da masu tsara rajistar azuzuwan yaƙi da jahilci su jarraba kowane zubi da kalmomi irin su “Maraɗi” da “ɓarawo” kafin su dogara da shi. Kalmar da na'ura ta ƙi, ba a ƙidaya ta. Sunan da ta ƙi, mai shi ya ɓace daga rajista.