Kuɗin Italiya da Gumin Matan Adar: Waiwaye a Kan Gyaran Kwarin Keita

Ƙasar Adar ƙasa ce ta duwatsu da kwaruruka. Ruwan da ya sauka bisa fakon Keita da Buza ba ya tsayawa inda ya faɗi. Gangarowa yake ta kwazazzabai, ya cika koramu, wani ya bi kwarin Magiya har ya ƙetara iyaka ya zube a tafkin Kalmalo, kusa da Illela ta ƙasar Sakkwato. Muddin akwai itatuwa a kan tudu, ruwan nan alheri ne, domin yana malala a hankali, ya bar wa fadama laka mai albarka. Da farin shekarun 1973 da 1984 ya kashe itatuwan, gatari kuma ya ƙarasa sauran, sai ruwan ya zama ɓarna: ya zaizaye tudu, ya tsaga gonaki, ya binne fadama da yashi. Madatsar ruwan Ibohamane ma laka ta riƙa cike ta shekara bayan shekara.

A 1984, shekarar yunwar da mutane suka laƙaba wa suna El Buhari, gwamnatin Janar Seyni Kunce ta kira taron Maraɗi a kan yaƙi da hamada. A wannan shekara ce kuma aka buɗe furojen Keita. Italiya ce ta zuba kuɗi, hukumar FAO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta riƙe ragamar aiki a ƙarƙashin wani Ba'italiye, Renato Carucci, hukumar PAM kuwa ta kawo abinci. Aka shigo da taraktoci da manyan motoci, aka fasa fakon da garma ba ta taɓa shiga ba, aka jera duwatsu bisa gangare, aka haƙa ramukan tare ruwa, aka datse koramu da ragar waya cike da duwatsu. Daga 1991 aikin ya faɗaɗa zuwa Buza da Abalak. Zuwa 2003 lissafi ya nuna an farfaɗo da fiye da hekta 34,000, an dasa itatuwa wajen miliyan 18, Italiya kuma ta kashe sama da dala miliyan 50.

Ga wanda ya tsaya a kan waɗannan alƙaluma, Roma ce ta biya kuɗin gyaran Keita. Amma fa tarakta ba ta jera dutse. A lokacin da aka fara aikin, mazajen Adar sun watse cin rani, wasu Nijeriya, wasu Abijan, kamar yadda suka saba, sai dai a wannan karon yunwa ta sa tafiyar ta yi tsawo. Waɗanda suka rage a garuruwa mata ne da tsofaffi da yara. Saboda haka mata ne suka ɗauki mafi yawan aikin gandari: su ne suka farfasa duwatsu, suka ɗauko su a ka, da goyo a baya, cikin zafin bazara, ladansu kuwa rabon abincin yini. An ƙiyasta kwanakin aikin da aka biya ta wannan hanya sun kai miliyan 12. Babu mai musun cewa abincin nan ya ceci rayuka, ya kuma hana garuruwa da dama tashi. Sai dai da an biya wannan aiki da kuɗi, a farashin da ake biyan lebura a Tawa, da littafin lissafin furojen ya sake kama, da kuma an ga cewa matan Adar suna cikin manyan masu zuba jari. Abin takaici, da aka zo rabon filayen da aka gyara, al'adar gado da ikon gona ta fi karkata ga maza.

Akwai wani gyaran da ya riga na Keita, wanda bai yi suna kamarsa ba. A 1975, a kwarin Magiya cikin gundumar Buza, ma'aikatan daji tare da ƙungiyar CARE suka fara dasa dogon yaro layi-layi a tsakiyar gonaki domin kare hatsi daga iska. Kuɗin da aka kashe kaɗan ne idan aka gwada da na Keita. Amma itacen da ya girma yana ba da itacen girki da na rufin ɗaki, waɗanda ake sarewa a sayar, wato yana iya ɗaukar nauyin mai tsaronsa. Madatsar ruwa ba ta da wannan hali. Idan ambaliya ta tsinka ragar waya, ko laka ta cika baraji, sai an nemo mota da mai da sabuwar waya, waɗanda duk ba a samunsu da gumi kaɗai. A kwarin Tarka na Madawa, inda kuɗin Turai ya taimaka wajen haƙa ƙananan rijiyoyi da samar da injunan ban ruwa, albasa ce ta ci gaba da biyan kuɗin gyara bayan furoje ya naɗe tabarmarsa.

Masu ba da tallafi sun fi son gini a kan gyara, domin gini ake buɗewa da biki, a ɗauki hoto. A Keita an tanadi kuɗin ginawa na kusan shekara 20, ba a kafa wata taska mai ƙarfi da za ta riƙa kula da abin da aka gina ba. Da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2004, sababbin magadan gari na Keita da Tamaske da Ibohamane da Garhanga suka tarar da gadon madatsai da hanyoyi da rijiyoyi, alhali harajin da suke tarawa a kasuwanni da kan jama'a da ƙyar yake biyan albashin ma'aikatansu.