Daga Madugu Zuwa Mai POS: Yadda Illela Ta Daɗe Tana Yi Wa Wasu Aiki

A watan Maris na 2024 abubuwa biyu suka faru kusan a jere. Farkon watan, Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya je Gombe ya ƙaddamar da shirin jawo kamfanonin ƙetare su riƙa bai wa matasan Najeriya aikinsu jinga: amsa wayar abokan ciniki, shigar da bayanai a kwamfuta, riƙe lissafi, irin abin da Indiya da Filifins suka daɗe suna ci da shi. Ranar 13 ga wata kuma Shugaba Tinubu ya ba da umarnin buɗe iyaka da Nijar, bayan ta yi wata bakwai da 'yan kai a rufe saboda juyin mulkin Yamai. Nijar ta buɗe nata gefen ranar 22, motoci suka soma motsi tsakanin Illela da Birnin Konni.

Gardama a kan ba da aiki jinga ba ta lafa ba. Masu goyon baya na cewa kamfanin da ya ce komai da hannunsa zai yi, kasuwar duniya za ta bar shi a baya. 'Yan ƙwadago kuwa na cewa bauta ce aka sauya wa riga, suna nuni da ma'aikatan banki 'yan kwantiragi da ke shekaru a bayan kanta, ba fansho ba ƙarin girma. Abin da ya haɗa su shi ne duka sun ɗauka baƙon abu ne da ya zo da intanet. Duk wanda ya taɓa tsayawa tashar Illela ranar kasuwa ba zai yarda da haka ba.

Ga tirela an cika ta da albasa za ta Gana. Mai kuɗin yana Kumasi, ƙila bai taɓa taka fadamar Kalmalo ba. Wani ne ya saya masa, dillali ya tsaya tsakani ya karɓi la'adarsa. Wasu suka zauna suka ware ruɓaɓɓiya, wasu suka ɗinke bakin buhu, 'yan dako suka yi lodi ana biyansu buhu-buhu. Motar ta wani alhaji ce a Sakkwato, ɗan kamasho ne ya haɗa ta da kayan. Ga ejan can da jakar takardu a hammata, yana shiga ofishin kwastan yana fita, a ɗaya gefen kuma akwai takwaransa da ya san 'yan duwan da Faransancinsu. Ɗan canji ya mai da naira sefa. A duk jerin nan babu mutum ɗaya da ke karɓar albashin wata daga mai albasar. Bai gina sito ba, bai sayi mota ba. Kamfanin Nike, wanda masana'antun wasu ne a Biyetnam da Indonesiya ke ɗinka takalman da ke ɗauke da sunansa, a kan wannan tsarin yake, girma ne kawai ya bambanta.

Kafin a ja iyaka, yankin nan tsakiya yake tsakanin Konni da Gobir da Adar, sai wajen ƙarshen ƙarni na 19 Muhammadu Maiturare, wanda ya kafa Gwadabawa, ya cika arewacin Sakkwato da sababbin matsugunai. Amma tsarin fatauci ya girme su duka. Babban attajiri a Kano ko Jega ba lalle ne ya bi ayari zuwa Gwanja ba. Yakan danƙa kaya ga yaransa, da yawansu bayi ne, kada a manta. Madugu ke da hanya, shi ya san rijiya da zango da sarkin da za a bai wa gaisuwa. In an isa Salaga, maigida ya sauke baƙi, ya ajiye kaya, ya nemo mai saye, ya tsaya a kan bashi. Malamai ma ba su bar abin kara zube ba: a babin ciniki na Risala, wadda almajirai ke karantawa a zaure, akwai hukuncin ijara da ji'ala da ƙirali, wato mai dukiya ya bai wa wani ya juya a raba riba. Fatar jar akuyar Sakkwato kuwa hannu-hannu take bi ta ƙetare Sahara, har ta isa Turai da sunan fatar Maroko. Majemin da ya jeme ta sunansa ya ɓace tun a zangon farko.

Iyakar kanta ciniki ne tsakanin Ingila da Faransa. Yarjejeniyar 1898 ta zana baka mai nisan mil 100 daga Sakkwato, Konni na ciki, a gefen Ingila. Duk da haka a watan Mayun 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta afka wa Birnin Konni ta yi kisan da har yau ba a manta ba. Faransawa suka yi ta kukan cewa hanyar da aka bar musu zuwa Damagaram ba ta da ruwa, aka sake zama a 1904 da 1906, layi ya gangaro kudu, Konni ta koma gefensu. Daga nan gari biyu masu dangi ɗaya suka wayi gari da kuɗi biyu, doka biyu, harshen ofis biyu. Wannan bambanci shi ne jarin Illela har gobe.

Inda labarin ya fi daɗi a wurina shi ne zamanin gyada. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911. Masaƙun Ingila auduga suke jira, sai ga gyada ta cika tasha daga kakar 1912. Masanin tarihi Jan Hogendorn ya nuna cewa fataken goro ne suka juya akalar. Su suka tura yaransu ƙauyuka da gishiri da tufafi da kuɗi, suna bai wa manoma kafin alƙalami tun shuka ba ta nuna ba. Kamfanonin Turawa, irin su Niger Company da John Holt, daga baya UAC da aka haɗa a 1929, suna zaune a kanti kusa da tasha, da sikeli da akawu. A 1918 Niger Company ta nemi Alhassan Dantata ya riƙa saya mata gyada, cikin 'yan shekaru ya zama attajirin da babu kamarsa a Kano. Da layin dogo ya kai Kaura Namoda a 1929, amfanin gonar lardin Sakkwato ya samu mafita, jakuna da raƙuma da manyan motoci na kai shi. A gefen Faransa kamfanonin CFAO da SCOA haka suka yi da 'yan kasuwar Maraɗi, kuma shekaru da dama gyadar Nijar ta Kano take bi zuwa teku. Da aka kafa hukumar cinikin gyada a 1949, da ta Jihar Arewa a 1954, lasisi kawai aka manna wa abin da ake yi tun da.

A duba yadda cinikin yake. In manomi ya ci kafin alƙalami damina ta ƙi, ko yaro ya gudu da kuɗi, ko ruwa ya jiƙa buhuna a hanya, asarar ta wakili ce. Bature abin da ya hau sikeli kawai yake biya.

A nan nake raba gari da masu cewa arha ce tushen abin. Dillali ba shi da arha. La'ada ƙari ce a kan kuɗin kaya, kuma da arha kaɗai ake nema da UAC ta ɗebi akawuna ta watsa ƙauyuka a kan 'yan sulalla. Ba ta yi ba, don akawu bai san wane manomi ke cika alkawari ba, kuma in kuɗi suka salwanta a hannunsa na kamfani ne suka salwanta. Abu biyu mai dukiya ke saya idan ya ba da aiki jinga: sanin da ba shi da shi, da wuyan da zai rataya wa asara. Da ɗan gari akan ci gari. A 1937 wani masanin tattalin arziki ɗan Ingila, Ronald Coase, ya ce kamfani na ɗaukar ma'aikata ne saboda neman mutum a waje, da ciniki da shi, da tilasta masa cika alkawari duk suna cin kuɗi. To a ƙasar Hausa an daɗe da rage wannan tsada ta hanyar zumunta da addini da mutuncin maigida. Abner Cohen, a bincikensa na Sabon Ibadan da ya fito a 1969, ya ga ana bai wa mahauta Yarabawa shanun arewa bashi ba takarda, maigida ne jingina.

Wasu kuma Babangida suke ɗora wa, su ce SAP ta 1986 ce ta rushe hukumomin ciniki ta bar kowa da 'yan tsakiya. SAP ta ƙara wa wutar itace, amma ta tarar da ita tana ci. Tun shekarun 1970 alhazan Maraɗi, waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986, suke shigo da taba da atamfa da sauran abin da Najeriya ta hana, daga tashoshin Kwatano da Lome, su sauke a Maraɗi ko Konni. A dokar Nijar kaya ne masu wucewa, halal. Daga nan sai 'yan fito su karɓa. Mai kaya na Kano ko Sakkwato, shi dai ya biya kuɗin fito ya jira. In an kama, ba shi aka kama ba. Ban kawo wannan don in wanke fasa-ƙwauri ba, ya kashe mana masaƙu a Kaduna da Kano. Na kawo shi ne don ba inda tsarin ke fitowa tsirara kamar nan. Ko rufe iyakar da Janar Buhari ya yi a 1984, ba a buɗe ba sai 1986, wadda ta haɗu da fari har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar sunansa, kuɗin fito ta ɗaga.

Manyan kamfanonin duniya sun shigo layin da sunaye masu ƙyalli. A 1989 Kodak ta miƙa wa IBM cibiyar kwamfutocinta, sauran suka bi. Ba na musun cewa a wurare irin su Bangaladash arha na jan su. Amma da ginin Rana Plaza ya rufta a Afrilun 2013 ya kashe sama da mutum 1,100 masu ɗinka wa shagunan Turai da Amurka tufafi, ai ba ma'aikatan waɗannan shaguna ba ne a takarda, kuma wannan ma yana cikin abin da aka saya. Bharti Airtel ta Indiya a 2004 ta bai wa IBM harkar kwamfuta, ta bai wa Ericsson da Nokia kula da layuka, ta tsaya a kan suna da talla da neman masu saye. A 2010 ta sayi Zain a Afirka, har da Najeriya da Nijar. A 2014 a Najeriya MTN ta miƙa dogayen ƙarafan sabis ɗinta kusan 9,000 ga IHS, Airtel ta sayar wa American Tower wajen 4,800. Saboda haka ƙarfen da ke bayan gari galibi ba na kamfanin da sunansa ke fitowa a wayarka ba ne, mai kawo man janareta daban, maigadin da ke kwana gindinsa kuma ta hannun wani ɗan kwangilar ya shigo.

Banki ma haka. Babban Banki ya fitar da ƙa'idar wakilan banki a 2013, yau ga mai POS ƙarƙashin lema ko cikin 'yar kes a kowace kusurwa. Jarinsa ne, cajin wayarsa ne, shi ke ɗaukar tsabar kuɗi a hanyoyin da 'yan bindiga ke tarewa. In tiransifa ta maƙale shi ake riƙe wa kwalar riga. A ƙarancin takardun naira na farkon 2023 an zage su a kan tsawwala caji, wasunsu sun cancanta, amma bankin da bai buɗe reshe a ƙauyen ba babu wanda ya je ƙofarsa.

Rufe iyaka ne ke nuna wanda ke ɗauke da kayan. Da aka rufe a Agustan 2019, har zuwa 16 ga Disamban 2020 da aka buɗe Illela tare da Seme da Maigatari da Mfum, masu jari suka karkata kuɗinsu wani wajen. A 2023 ma haka, tireloli suka yi layi, kayan gwari suka ruɓe a ciki. Direba da yaron mota da ɗan dako da ɗan kabu-kabu ba su da wani wajen, kuma ba wanda ke binsu albashi ko suke bi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A nan 'yan ƙwadago sun yi gaskiya. Inda suka kauce shi ne ɗaukar cewa wakili kullum shi ke ƙasa. Dantata wakili ne, jikar gidansa ce ta haifi Aliko Dangote. Abin da ya riƙe, wato jama'a da amana da sanin ƙauye, ba a iya sayensa a wani wuri. Ɗan dako kuwa gobe za a samu wani. Shi ya sa nake ɗari-ɗari da shirin da zai koya wa matasa amsa waya kawai. Amal Hassan ta nuna da kamfaninta Outsource Global cewa ana iya yi wa ƙetare aiki daga Abuja da Kaduna, amma muryar da arha ce kaɗai darajarta, ranar da aka samu mai arha a wata ƙasa ko na'urar da ke magana, an gama da ita.

A 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata, a watan Maris kuma ƙasashen uku suka sa harajin kashi 0.5 cikin ɗari a kan kayan da ke shigo musu daga waje, har da na tsofaffin abokan ƙungiya. Sabuwar takarda ke nan a bakin iyaka, kuma ɗan kasuwar da ke Legas ko Kano sai ya nemi wanda ya san teburin da ake buga mata hatimi a Konni, ya biya shi.